Agogon da Na Gina wa Baba

Tun da hawan jinin ido ya cinye ganin mahaifina, tambaya ɗaya ce ta fi yawa a bakinsa: "Ƙarfe nawa?" Da rana ba ta damun kowa. Ta dare ce matsala. Mutum ne da ya shafe shekara 35 yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Zazzau, ya saba shi ke sa a buga ƙararrawa, shi ke tsare bakin ƙofa yana duban agogon hannunsa yana jiran makararru. Sai ga shi yana farkawa cikin duhun da bai bambanta da na rana ba, bai san ko tsakar dare ne ko asuba ta gabato ba, dole ya tashi mahaifiyata. Ta gaya mini akwai daren da sau huɗu ya tashe ta, da gari ya waye kuma kunya ta hana shi karyawa.

Ƙanwata ta saya masa agogon hannu mai magana, irin wanda ake danna maɓalli wata mace ta faɗi lokaci da Turanci. Kwana uku ya yi a hannunsa. Ya ce bai ga dalilin da zai riƙa roƙon baƙuwa ta gaya masa lokaci a cikin ɗakinsa ba. Muka yi dariya, amma na fahimci inda ya dosa. Danna maɓallin ma tambaya ce, shi kuwa tambayar ce ta ishe shi.

A ƙarshen wannan shekarar aka tura ni Landan wani kwas na aikin jarida na wata uku. Wata Asabar ruwan sama ya kora ni cikin gidan adana kayan kimiyya da ke unguwar South Kensington, na faɗa sashen da ƙungiyar maƙeran agogo ta birnin, wadda aka kafa tun 1631, ta ajiye tarinta. A nan na daɗe tsaye gaban injin agogon da John Harrison ya yi a 1713, yana ɗan shekara 20. Kafinta ne ɗan kafinta, kuma fayafan injin masu haƙora kusan duk na katako ne. Shi ne daga baya ya ƙera agogon da ya ba matuƙan jiragen ruwa damar sanin inda suke a tsakiyar teku.

Bayan mako biyu na shiga wani shagon tsofaffin kaya. Ina sunkuye ina duban littattafai, sai wani dogon agogo da ke tsaye a kusurwa ya buga. Na ƙirga huɗu ban ɗaga kai ba. Sai da na miƙe na gane abin da ya faru: na san lokaci ban duba ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Agogon ya fi ni tsawo, ya fi ƙarfin aljihuna, babu kuma jirgin da zai ɗaukar mini shi. Amma mai shagon yana da wani marayan inji wanda ƙwari suka cinye akwatinsa tun da daɗewa: fuska mai farin fenti, ƙararrawa, da sandar lilo. A kan wani katako ya kafa shi yana tafiya daidai. Ya ɗiga jan fenti a inda notin da ke ƙarƙashin lilon ya tsaya, ya ce kada in taɓa wurin. Na biya kuɗin guzurina na mako biyu. Curin dalma guda biyu da ke jan injin, kowanne kilo biyar da rabi, na bar masa su, na rubuta nauyinsu a takarda don maƙera su zuba mini a gida. Saura akwati. Rabona da riƙe zarto kuwa tun darasin fasaha na ƙaramar sakandare.

Dalilin tsawonsa

Turawa suna ce masa agogon kaka, sunan da ya bazu bayan wata waƙa da Ba'amurke Henry Clay Work ya fitar a 1876. Agogon ya girmi sunan da shekara 200. Da farko na ɗauka don ado ko fariya aka yi shi dogo haka. Ashe lissafi ne ya tsawaita shi.

Idan ka rataye dutse a igiya ka kaɗa shi yana lilo, lokacin da zai ɗauka ya je ya dawo bai dogara da nauyin dutsen ba. Tsawon igiyar ne ke yanke hukunci. Galileo ne ya fara nazarin wannan a Italiya, amma ya rasu a 1642 bai kai ga kammala agogo da shi ba. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya haɗa lilo da injin agogo a 1656. Kafin nan, agogo mai kyau yakan yi kuskuren kimanin minti 15 a rana. Da lilo ya shigo, kuskuren ya sauko zuwa kimanin daƙiƙa 15. A 1658 Ahasuerus Fromanteel ya fara tallan irin waɗannan agoguna a Landan.

Lilon farko gajere ne, yana kaɗawa da faɗi sosai. Wajajen 1670 aka fito da wata ƙugiya mai baki biyu, mai kama da angar jirgin ruwa, wadda ke kama haƙorin faifai ta saki, ta kama ta saki. Wasu suna danganta ta ga Robert Hooke, wasu ga William Clement. Ita ce ta rage faɗin kaɗawar zuwa digiri huɗu zuwa shida, aka samu damar rataya dogon lilo a cikin siririn akwati. Lilo mai tsawon milimita 994, wato mita ɗaya ba kaɗan, daƙiƙa ɗaya cif yake ɗauka daga wannan gefe zuwa wancan a Landan. Faifan da ƙugiyar ke kamawa haƙora 30 gare shi, yana kewayawa sau ɗaya a minti. Ƙarar nan da ake ji, kas, kas, kowace ɗaya daƙiƙa ce, sau 86,400 a yini da kwana.

Ƙarfin tafiyar kuwa daga curin dalma yake zuwa. Na dama yana jan lokaci, na hagu yana jan ƙararrawa. Kowanne yana rataye a igiyar da aka nannaɗe a ganga, gangar tana juyawa sau biyu a rana, a hankali curin yana sauka. Naɗi 16 ke kai shi kwana takwas, kuma yana buƙatar fili fiye da mita ɗaya a ƙarƙashinsa. Idan ka haɗa wurin inji, da tsawon lilo, da filin saukar dalma, ka kuma so fuskar ta tsaya daidai idon mutum ko sama kaɗan, dole akwati ya haura mita biyu. Kashi uku ake yinsa: gindi mai faɗi don kada ya kife, ƙirji siriri mai ƙofa, da hula wadda ake zarowa ta gaba idan za a taɓa inji.

Sandar Malam

Da na dawo, na kai zanen da na kwafo daga wani littafin Ingila wurin tsohon kafintan unguwarmu a Zariya. Ya haura shekara 70, a hannun kafintocin En'e ya koyi sana'a, kuma shi ya yi bencinan makarantar ƙarshe da Baba ya shugabanta. Har yau Hedimasta yake kiransa. Na roƙe shi ya bar ni in yi aikin da hannuna a shagonsa duk Asabar da Lahadi idan na zo daga Kaduna, shi ya riƙa nuna mini.

Ya duba zanen, ya juya shi, ya miƙo mini. "Ɗana, wanda ya zana wannan ya taɓa ganin injin naka?"

Na ce a'a, Malam.

"To ajiye shi. Kawo injin."

Ya kafa katako a bango, muka ɗora injin, muka rataya lilo da dalma, muka kaɗa. Sannan ya ɗauko wata doguwar sanda mai faɗin yatsa biyu ya jingina kusa. Ya ja layi da fensir a inda injin ya zauna, da inda faifan lilo ya kai, da iyakar da yake kaiwa dama da hagu, da inda dalma za ta tsaya ranar ta takwas. Ya ƙara yatsa biyu a kowane gefe. Duk awon akwatin daga jikin wannan sanda ya fito, ba mu sake buɗe tef ba sai nadiran. Da na gwada daga baya, na ga da mun bi zanen littafin, da faifan lilon ya riƙa gogar bangon ƙirji, agogon ba zai yi minti goma yana tafiya ba.

Maɗaci muka zaɓa. Mu mun fi saninsa da ɗacin ɓawonsa da inuwarsa a bakin tsofaffin tituna, amma dangin itacen mahogani ne na yankin Amurka, wanda masu akwatin agogo na Ingila suka koma wa a ƙarni na 18 bayan sun daɗe suna aiki da itacen ok da wolnot. Wancan mahoganin, bayi 'yan Afirka ne suka riƙa sare shi a Jamaika da gaɓar Honduras. Namu ma yanzu ya yi ƙaranci, har a 2022 aka sa shi cikin jerin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. Malam yana da 'yan sirarran alluna da suka shekara biyar a saman rufin shagonsa. Da su muka yi gindi, da gefunan ƙirji, da hula.

Wata biyu na yi ina koyon abu ɗaya: miƙar da allo da askar katako ta hannu, har ya kwanta a kan wani allon haske bai ratsa tsakaninsu ba. Maɗaci yana da taurin kai. Jijiyoyinsa a sarƙe suke, wannan layi ya nufi gabas, na kusa da shi ya nufi yamma, duk ta inda ka biyo sai wani wuri ya ɓantare. Maganinsa aska mai kaifi ƙwarai, da ɗiba kaɗan kaɗan, sassaƙen ya fito siriri kamar takardar albasa. Rabin lokacina a kan dutsen wasa ya ƙare. Ni da na saba a ɗakin labarai abin da aka fara da safe an gama shi kafin la'asar, sai ga ni na yi yini guda, abin da zan nuna allo biyu ne da kumburin tafin hannu.

Haɗin kusurwa ba da ƙusa muka yi ba. Ana sassaƙa harshe a ƙarshen wannan katako, a haƙa rami daidai shi a jikin wancan, a shafa gam a zura. Idan ya shiga da sauƙi, ya yi sako-sako. Idan sai da guduma, zai tsaga ramin. Wanda ake so shi ne mai shiga da turin tafin hannu. Na lalata guda bakwai kafin Malam ya karɓi na takwas, ya jijjiga, ya ajiye bai ce komai ba. Yaron shagon ya raɗa mini cewa yabon ke nan.

A kan ƙofar ƙirji muka saɓa. Tana buƙatar allo mai faɗin santimita 25, Malam kuwa ba shi da busasshe mai wannan faɗin. Muna cikin watan Agusta. Na je kasuwar katako na samo wani allo mai kyan gaske, ja wur, jijiyoyinsa kamar harshen wuta. Malam ya ɗora tafin hannu a kai, ya kai shi kumatu, ya ce da sanyi a jikinsa, sai ya ga hunturu ɗaya tukuna. Na lissafa: wata shida ke nan. A lokacin kowace Juma'a na kira gida, sai mahaifiyata ta ce daren jiya ma sau uku. Na ce ba zan jira ba. Na kuma ce yadda littafin ya nuna zan yi ta: allo guda, a manne masa katako a gicciye sama da ƙasa don kada ya tanƙware. Haka dubban ƙofofin agogo na Ingila suke.

"Yi," in ji Malam. "Katakon zai yi maka bayani da kansa."

Shafi

Masu wannan sana'a suna cewa rabin aiki yana cikin shafi, kuma na gaskata. Ban so fenti mai kauri da ke rufe katako kamar leda ba. Shalak na nema, wani irin ƙaro ne da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Ɓarɓashi ake sayar da shi, a jiƙa a sifirit ya narke. Ba ya son damshi, idan aka shafa da damina sai ya yi fari-fari kamar hazo. Ba ya kuma son ƙura. Saboda haka ɗan tsakanin nan muka jira, farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, buji bai sauko ba. Kowace safiya sai mun yayyafa wa daɓen shagon ruwa, mu rufe ƙofa da tabarma.

Da farko aka goge da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, kullum ana bin jijiya. Sai a shafa ɗan ruwa, gashin katakon ya miƙe, a bari ya bushe, a sake gogewa. Maɗaci yana da ƙananan ramuka kamar fatar lemo, sai an cike su kafin ya yi santsi. Sannan a dunƙula auduga a cikin tsohon ƙyallen farar riga, a jiƙa ta da shalak, a ɗiga mai kaɗan a ƙasan dunƙulen don kada ya kama, a riƙa zagayawa a kan katakon. Doka ɗaya ce: hannu ba ya tsayawa. Idan ka tsaya ko na ƙiftawar ido, sifirit zai narkar da abin da ka shafa a baya, shaidar ƙyallen ta zauna. Na tsaya sau ɗaya don wayata ta yi ƙara, edita ne ke nema na. Yini biyu na yi ina gyaran wurin. Daga ranar a mota nake barin wayar.

Kowane shafi siriri ne ƙwarai, ba ka ganin bambancin na uku da na huɗu. Sai a mako na uku, wata la'asar da rana ta shigo ta gefen tabarma, na ga kamar ina leƙa cikin katakon, jijiyoyin suna sauya launi idan na matsa. Muka rufe da kakin zuma. A bayan 'yan tagogin hula da ƙarar ƙararrawa ke fita, Malam ya manna ƙyalle mai kauri, ya kuma toshe duk wata kafa ta allon baya. Ƙurar hunturu idan ta gamu da man inji, takan zama kamar samfefa, ta cinye tagulla a hankali.

Kunnen Hedimasta

Ranar Juma'a muka kafa shi a falon Baba, jikin bangon da ya raba falon da ɗakin kwanansa. Na ɗora inji, na rataya dalma, na kaɗa lilo. Na kamo hannunsa na bi da shi jikin akwatin tun daga gindi har inda ya iya kaiwa. Ya yi shiru yana saurare. Ina jiran sa albarka.

"Agogon nan naka ɗingishi yake yi," in ji shi.

Na ce, "Baba, ni ban ji ba."

"Saurara. Ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo."

Gaskiya ya faɗa. Idan akwati ko ƙugiya ya karkata ko da kaɗan, tazarar da ke tsakanin bugun dama da na hagu ba ta zama ɗaya, kuma agogon da ke haka ba ya daɗewa yake tsayawa. Ana gyara shi ta hanyar ɗan lanƙwasa siririn ƙarfen da ya haɗa ƙugiya da sandar lilo, kuma tun zamanin da da kunne ake yi. Na cire hula, na sa yatsa. Baba yana zaune yana cewa, "Ƙara. Ya yi yawa, koma. Kaɗan. Tsaya nan." Rabona da jin wannan muryar tasa tun kafin ciwon.

Bayan mako guda ya kira ni da kansa. Agogon yana baya da kusan kwata. Ga yadda ya gano: idan rediyo ya sanar da ƙarfe bakwai, sai ya fara ƙirga bugun lilo har ƙararrawa ta buga. Tunda kowane bugu daƙiƙa ne, kuskuren yana fitowa ƙarara. Kullum ana samun ƙarin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Na duba notin, yana nan daidai kan jan fentin mai shagon Landan. Na ɗauka na lalata wani abu a hanya.

Ba abin da ya lalace. A 1672 wani masanin taurari na Faransa, Jean Richer, ya kai agogon da aka daidaita a Faris zuwa Cayenne, kusa da tsakiyar duniya a Kudancin Amurka, ya tarar yana baya da minti biyu da rabi kullum. Sai da ya rage tsawon lilon da kusan milimita uku. Isaac Newton ya yi amfani da wannan a littafinsa na 1687 wajen nuna cewa duniya ba dunƙulalliya ce sak ba, ta ɗan kumbura a tsakiya. Wanda ke kusa da tsakiyar ya fi nisa da cibiyarta, juyawarta kuma ta fi ɗaga shi, saboda haka ƙarfin da ke jan abu ƙasa ya ɗan ragu a wurinsa. Landan tana digiri 51 arewa, Zariya tana 11. Lilon da ke buga daƙiƙa a can, a nan nawa yake yi. Zafi ma yana ƙara nasa: sandar ƙarfe tana miƙewa, kowane digiri ɗaya na ɗumi yana cin kusan rabin daƙiƙa a rana. Wannan ne ya sa George Graham a 1721, da Harrison bayansa da 'yan shekaru, suka ƙirƙiro lilon da ke gyara kansa idan yanayi ya sauya.

Namu ba ya gyara kansa. Na juya notin sama sau huɗu, na bar jan fentin a ƙasa. Sauran gyaran Baba ne ya ja ragamarsa. Duk safiya ya ƙirga, ya gaya wa jikarsa ta rubuta a littafi, ran Asabar in zo ya ce mini rabin juyi sama ko kwata ƙasa. Kafin ƙarshen Disamba mun kai kuskuren ƙasa da minti ɗaya a mako.

Akwai kuma makon da ya riƙa tsayawa duk Talata ko Laraba. Ashe idan dalma ta sauko daidai faifan lilo, takan fara kaɗawa tare da shi, ta sace masa ƙarfi, matuƙar akwatin yana ɗan motsi. Huygens ya ga makamancin haka a 1665, da ya lura agoguna biyu da ke rataye a katako ɗaya suna shafar juna. Sukuru biyu muka ɗaure allon baya da su a bango, magana ta ƙare.

Bayanin katako

Wani dare a tsakiyar Janairu, bayan ƙarfe biyu, Baba ya ji ƙara kamar an harba bindigar toka a falo. Da safe aka ga ƙofar ƙirji ta tsage daga sama zuwa kusan rabi, tsagar da za ka zura tsinken ashana.

Katako ba ya daina shan iska da fitar da ita, ko bayan shekara ɗari. Da damshi ya kumbura, da bushewa ya tsuke, kuma ta faɗi yake yin haka, ta tsawo kusan ba ya motsi. A wajenmu damshin iska yakan haura kashi 70 cikin ɗari a Agusta, ya faɗo ƙasa da kashi 20 da hunturu. Allo mai faɗin santimita 25 yana iya tsukewa da kusan rabin santimita tsakanin waɗannan watanni. Nawa ya so ya tsuke, katakon da na manne masa a gicciye suka hana shi, sai ya yage kansa. A Ingila ma irin waɗannan ƙofofi suna tsagewa, sai dai iskar can ba ta bushewa kamar tamu, abin yakan ɗauki shekaru. A Zariya hunturu ɗaya ya isa.

Na tafi shago da ƙofar a hammata, na shirya shan faɗa. Malam ya bi tsagar da farce, ya ce aikin askata ya yi kyau, ba a nan matsalar take ba. Sannan ya ce har yanzu ba shi da busasshen allo mai wannan faɗin.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce a ɗauko teburinsa. Teburin maɗaci ne da ya yi shekara fiye da 40 yana gyaran littattafan yara a kai, tun da idon ya tafi yake jingine a sito. Na ce, "Baba, ai na tarihi ne." Ya ce tarihin da gara ke jira. Da muka kai shi shago, Malam ya kifa shi ya duba haɗin ƙafafun, ya ce maigidansa ne ya yi shi, shi yana yaron shago a lokacin, kuma ya tuna wanda ya sha gugar samfefa.

Wannan karon yadda ya so muka yi. Firam mai katako huɗu, an haƙa siririn kwari a cikinsa ta kowane gefe, allon ya zauna a cikin kwarin babu gam ko ɗigo. Da yake a tsakiyar rani muke, allon yana iyakar tsukewarsa, sai muka bar masa fili milimita uku dama da hagu, inda zai buɗe idan damina ta zo. A ciki, ta gefen da ba a gani, akwai tabon shuɗin tawada da ya ƙi fita. Na bar shi.

Sunan da ke fuskar agogo na mai inji ne. Waɗanda suka yi akwatunan a Ingila, akasarinsu ba a san sunayensu ba. Ni da na yi shekara goma ina faɗa da editoci a kan a sa sunana a saman labari, na tambayi Malam inda za a rubuta nasa. Ya ce Hedimasta ya san wanda ya yi, ya isa. Duk da haka na rubuta da fensir a bayan allon baya, da shekara, da sunan itacen.

Ba zan ce agogon ya maye wa Baba ido ba, ba kuma zan ce ya fi na ƙanwata araha ko daidaito ba. Ita ce mai gaskiya a lissafi. Na san wani ɓangare na wahalar nan don kaina na sha ta, saboda likitoci sun ce abin da ya tafi ba ya dawowa, ni kuma ina neman abin da zan yi da hannuna. Amma mahaifiyata tana barci yanzu. Ƙararrawar tana bugawa sau 156 a yini da kwana, ta ce a makon farko ta hana ta runtsawa, yanzu ba ta ma jinta. Shi kuwa idan ya farka, yakan kwanta ya jira, ya ƙirga, ya san ko da sauran dare.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yakan lallaɓa ya buɗe gilashin hula, ya laluba ramin dama ya zura makulli, ya juya sau 14, ya koma na hagu. Ba ya yarda kowa ya taya shi. An yi agogon ya yi kwana takwas ne don wanda ke ɗaure shi mako-mako ya samu rarar kwana ɗaya idan ya manta. Baba bai taɓa cin wannan rarar ba. Damina biyu ta wuce, ƙofar tana nan lafiya, allon yana buɗewa yana tsukewa a cikin kwarinsa. Makon jiya na kira gida, kafin mu gama gaisawa ya ce zafin bazara ya sa agogon yana baya da daƙiƙa 25 a mako, idan zan zo ran Asabar in zo da wuri, akwai ɗan juyin da zan yi masa.